Layi Na Sha Huɗu

Ranar Talata, ƙarfe biyu da kwata na rana, na ɗauke wutar unguwarmu da hannuna, alhali matata tana kwance a gida, na'ura na taya ta numfashi.

Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin rabon wuta. Ɗaki ne marar taga, mai sanyi kamar cikin randa, da ƙaton allo a bango. Wutar yankinmu daga wuri uku take zuwa: madatsar ruwa, injinan iska da ke jere a kan tudu, da tashar gas. Ruwa dattijo ne, ba ya gaggawa, ba ya ƙarya. Iska mai romon baka ce, ta yi alkawari da safe, da azahar a neme ta a rasa. Gas yana amsa kira, amma sai ya gama shirinsa kamar babban mutum. Aikinmu mu daidaita abin da ke shigowa da abin da gari ke sha. In shigowa ta gaza, dole a yanke wani layi kafin komai ya kife gaba ɗaya.

Ba ma kiran unguwa da sunanta, lamba muke kira. Wanda ya koya mini aiki ya ce an yi haka ne don kada hannu ya yi rawa: ya fi sauƙi ka yanke "tara" da ka yanke unguwar gwoggonka. Tamu unguwar ita ce sha huɗu.

Wata bakwai ina tsallake sha huɗu duk lokacin da juyinta ya zo, tun ranar da likita ya ce huhun matata ya gaji, muka kawo na'urar gida. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Na karanta littattafai da yawa, har suka koya mini cewa neman alfarma ƙasƙanci ne. Janareta ma ban saya ba. Mai rabon wuta da janareta a tsakar gida? Ai kamar mahauci ne a layin sayen nama. Abin da muke da shi don ɓacin rana shi ne tukunyar iskar numfashi guda ɗaya, kuma ta ƙare tun ranar Lahadi.

Talatar nan hutuna ne. Na ɗora tukunyar a bayan mota, na ce mata zan je a cika ta.

"Kada ka tsaya wajen mai littattafai," in ji ta. "Na san ka."

"Sai ka ce yaro."

"Yaro ai yana jin magana, Malam."

Ƙanwarta da ke jinyarta ta yi dariya, ni ma na yi, na fita.

A hanya aka kira ni: sabon manaja zai zagayo ɗakinmu yau, kuma mutum ɗaya bai zo ba. Kujerar nan tasa, shekara shida ina ganin tawa ce, aka ba wanda na kusa haifa. Ina so ya gan ni a bakin allo, ya san wa aka tsallake. Na ce a raina, tukunya ba ta gudu, da la'asar na cika ta. Na juya kan mota. A bakin ƙofa na kulle wayata a loka kamar yadda doka ta ce.

Damina ta makara a shekarar, ruwan madatsa ya ja baya har injin biyu kawai ke juyawa. Iska ce ke riƙe da mu tun safe. Ƙarfe biyu ta fara halinta. Muna kallon lambobinta suna zubewa a allo kamar buhu ya huje. Na kira tashar gas, suka ce a ba su minti ashirin.

Abokin aikina, wanda muke kira Dogo, ya duba jeri.

"Juyin sha huɗu ne," ya ce. Sai ya yi murmushi. "Au, afuwa, Farfesa. Na manta. Mu tsallake zuwa sha biyar, ko?"

Manaja yana tsaye a bayanmu, hannu a aljihu. Ya ce, "Me ya sa za a tsallake?"

"Ranka ya daɗe, sha huɗu layin uwargida ne. In aka ɗauke, ruwan firji ya huce, Farfesa ne zai sha faɗa. Duk littattafan nan da ka ga yana karantawa, babu wanda ya koya masa yadda ake ba mata haƙuri."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Dogo ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai, kuma bai sani ba. Manaja bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, gaskiya ne?"

Baba. A gaban mutane.

Kalma huɗu sun ishe ni: matata ba ta numfashi. Da na faɗa, da Dogo da kansa zai yanke tasa unguwar. Amma wata bakwai na son kai ne zai fito fili, a gaban yaron nan, a bakin mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa kowa wa'azin ƙa'ida. Na yi lissafi irin na masu ilmi: minti ashirin ne, tana iya jure minti ashirin, ta taɓa jurewa.

Na ce, "Ni ban san uwargida a nan ba. Lamba na sani."

Na danna. Fitilar sha huɗu ta koma ja.

"Allah ya ja zamanin Farfesa!" in ji Dogo, har da tafi. Manaja ya gyaɗa kai. Kuma ga abin da ban taɓa rubutawa ba sai yau: na ji daɗi.

Minti ashirin ɗin gas ya zama awa uku da rabi. Wani bututu ne ya ƙi buɗewa. Tun minti na talatin nake iya mayar da sha huɗu in yanke wani, ko in ce zan kewaya in ɗauko wayata. Sai na ga kowa zai gane. Na zauna ina kallon jar fitila, ina ce wa kaina, yanzu, yanzu gas zai shigo. Tukunyar kuwa tana bayan motata a rana, wayam.

Da na buɗe loka, kira goma sha ɗaya na tarar daga ƙanwarta. A asibiti na same su. Maƙwabci ne ya kawo su a motarsa.

"Yaya, ina ka shiga?" in ji ƙanwar, idonta ya kumbura. "An ɗauke wuta tun biyu!"

"Layi ne a wurin cika tukunya," na ce. Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

An ɗauke wuta. Na daɗe ina juya kalmar nan, "an". Harafi biyu ne, amma ba bargon da ya kai ta faɗi. An ɗauke, an kawo, an yi kuskure. Gari guda na iya kwanciya a ƙarƙashinta, ba a ga ƙafar kowa ba. Ni ma na shige, na ja ta har ka.

Kwana tara ta yi a asibiti, ta rasu. Likita ya ce da ma huhun ya zo ƙarshe, awa ukun nan ba lallai su ne ba. Na riƙe "ba lallai" ɗin nan shekara huɗu, ta ƙi ɗaukar nauyina.

A rana ta bakwai ta farfaɗo sosai. 'Yan dubiya sun cika ɗakin, wata maƙwabciya tana tsine wa 'yan wuta. Matata ta janye abin numfashin daga bakinta.

"Ku daina haɗawa da shi," ta ce. "Ranar hutunsa ce. Da Malam ne a bakin aiki, da ba a ɗauke ba. Wata bakwai, in yana bakin aiki, wutar ko ƙiftawa ba ta yi, kun ɗauka banza ne?"

Ta dube ni da alfahari. Ashe ta sani, ba ta taɓa nuna mini ba. Matan suka shiga sa mini albarka. Na sunkuyar da kai, suka ce kunya ce irin ta mutanen kirki.

Na ce bari su watse in gaya mata. Da suka watse ta yi barci. Washegari na ce bari ta ƙara ƙarfi. Ni da na san ƙarshen "minti ashirin", na sake ba kaina minti ashirin.

A ƙarshen shekara aka ba ni takardar yabo, wai ma'aikacin da bai san son kai ba. Dogo ya zo ta'aziyya, ya ji labarin na'urar, ya dube ni. Tun daga ranar bai sake kirana Farfesa ba.

Ita kuwa ta tafi tana kare ni. Abin da nake so in ce mata gajere ne, ko numfashi ɗaya bai kai ba: ba "an" ba ne, uwar gidana. Ni ne.