Beladona a Ɗakin Yara

...kuma safar hannu biyu na saka, Bahauddeen, kamar yadda ka ce. Almakashin ɗinkina ne dai, naka yana can a kulle a jami'a.

Shukokin beladonar nan naka sun cika da fure. Sai da motar asibiti ta tafi da kai sannan suka ga dama. Kai ka ce ganyen ya fi ƙarfin magani lokacin fure, a yanka da safe, kada a jira. To ga ni, ina yanka.

Dubi launin nan... ba ja ba, ba shuɗi ba, kowane fure kansa a sunkuye. Wa zai ce guba ce?

Ni da na yi ta faɗa ranar da korona ta sa aka rufe gari, ka shigo da tukwane daga ɗakin bincike, gumi sharkaf. Shukar ƙasar sanyi ce, ka ce, zafin unguwar nan tamu ta Pantai Dalam zai kashe ta. Ka mayar da yara falo, ka ba ganye ɗaki mai na'urar sanyi! Karatunka duka yana cikin tukwanen nan, wai. Na ce 'yar'uwar zaƙami ce kawai, zaƙamin bayan gidanmu a Rano, wanda Iya take zane mu in mun taɓa...

Amma hannunka. Yadda kake ɗaga ganye ɗaya-ɗaya kana duba bayansa, ba gaggawa. Da wannan ake buɗe ƙwayar ido likita ya leƙa, ka ce, da shi ake ta da zuciyar da bugunta ya yi ƙasa. Ina bakin ƙofa, na fasa faɗan.

Kamila tana ƙwanƙwasawa. “Umma, boleh makan?” Da yaren ƙasar nan take tambaya ko za ta iya ci, ta hango baƙaƙen 'ya'yan shukar masu sheƙi. A'a, 'yata — ko ɗaya. Makullin yana wuyana.

Muryarka shekaranjiya a waya, kowace kalma sai ka huta. A shanya a inuwa, Daso. Kada ki tula su. Ki bar guda don iri, wadda ta fi ƙarfi.

Wacce? Ta jikin taga? Doguwar? Duk a miƙe suke, duk kore shar, kai kaɗai ka san su ɗaya-ɗaya... Tun jiya wayar shiru.

Saura uku ban taɓa ba. Bari in zauna tukuna. In ɗan zauna kusa da su.