Zaitun a Duron Masana'anta

"To fasa shi mana! Fasa, sai ki je ki gaya wa Inna zaitun ɗinta ne ya hana ki haihuwa!"

Munji ke nan, ya kare duron da jikinsa kamar wanda za a ƙwace wa amarya. Matarsa Widad na zaune a kicin, takardar likitar birnin Safakis a cinyarta.

Shuɗin duron nan kowane gida a unguwar na da irinsa. Masana'antar yadin da ba ya shan ruwa ce ke raba wa ma'aikata irin su Munji in sinadarin ciki ya ƙare. Mata su ɗauraye sau uku, su jiƙa zaitun na shekara, wasu har ruwan sha suke tarawa. Ba a kai amarya sai da shi. Na Widad surukarta ce ta ba ta, kuma ita ke zuwa cika shi duk kaka, tana leƙen cikin yarinyar ta wutsiyar ido. Kaka goma sha ɗaya ke nan.

"Ban ce Inna ba," in ji Widad. "Likita ta ce akwai wani abu a jinina wanda ba ya fita, ko ya fita sai an yi shekaru. Ta ce yana iya lalata ƙwan mace. Nawa saura kaɗan, Munji, su ma ba ƙwari. Ta tambaye ni a me muke ajiye abinci."

"Likita! Matar maƙwabcinmu Hadi 'ya'yanta shida, a me take jiƙa nata? A tulun zinariya?"

"Hasiba fa? Najat fa? Mu nawa ne a layin nan ba haihuwa, ba a kiran mu ranar suna?"

Munji ne ya ɗauko wa Inna duron a kafaɗarsa tun suna ango da amarya, har yana taƙama ya zaɓo wanda bai da tsaga. Ya zura hannu ya ciro zaitun uku, ya watsa a baki, yana tauna yana kallonta.

"Ga shi na ci. Na mutu?"

Widad ta kalli tagar gidan da ke fuskantar nasu. Sundus, amaryar wata biyu, tana shanya a baranda tana 'yar waƙa. Bayanta ga sabon duro, shuɗi shar. Widad ce da kanta ta wanke mata shi, sau uku.

Ta ninke takardar, ta yafa mayafi.

"Ina kuma za ki? In maganar nan ta kai kunnen manaja, aikina ne fa! Widad!"

"Shekararta ashirin," ta ce. "Nata ƙwan ba su ƙare ba."

Ta fita, ta bugo ƙofar har murfin duron ya zame ya faɗi ƙasa.