Akuyar Baba Tela

"Ku kwance ta! Ku kwance ta, na ce!"

Baba Tela ne ke ihu a sashen masu taɓin hankali na asibiti, ya ɗaga kujerar roba sama, kumburarrun ƙafafunsa suna rawa. Dogo, ma'aikacin da ake kira idan mara lafiya ya birkice, har ya ɗauko madaurin da ake ɗaure mara lafiya a gado da shi.

Sista, ma'aikaciyar jinya, ta shiga tsakaninsu. Baba maƙwabcinta ne, katanga ce kawai ta raba gidajensu, shi ya ɗinka mata rigar aikinta ta farko. Likita kuwa ya riga ya faɗa: zuciyar tsohon ta gaji, ba za ta ɗauki kokawa ba.

"Dogo, dakata. Ka manta horon da aka ba mu? Ja baya, a ba shi fili."

"Idan ya fasa miki kai, horon ne zai ɗinke?"

"Ai tela ne, shi zai ɗinke."

Ta zauna a ƙasa, ɗan nesa da Baba, tafukanta a buɗe. Ta sassauta murya.

"Baba, ni ce, 'yar maƙwabta. Wa za a kwance?"

"Akuyar nan. Rana ta take, ba ruwa a gabanta."

An sayar da akuyar tun rasuwar matarsa, Sista ta sani. A horon an koya musu kada su yi wa mara lafiya ƙarya, kada kuma su yi musu da shi.

"Ba ka so a bar ta a ɗaure."

"Wa ke so?" Ya dubi hannun Dogo. "Igiya ciwo gare ta, 'yar nan."

Dogo ya sunkuyar da kai, ya ajiye madaurin a kan taga. A hankali kujerar ta sauko. Baba ya zauna a kanta yana haki, ya karɓi ruwa ya kurɓa, ya ce a ajiye wa akuya sauran.

Bai ga ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, a kan gadonsa.

'Yarsa ta zo ɗaukar kayansa, idanu jawur. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga, ta dubi Sista.

"Yaya, gaya mini tsakani da Allah. Kun ɗaure shi?"

"Wallahi ko sau ɗaya."

'Yar ta gyaɗa kai, ta shiga ta zauna a gefen katifar da aka yaye wa zani. Dogo ya durƙusa, ya jawo silifas ɗin tsohon daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe su, ya jera a gabanta.