Man Tirela a Cikin Ƙaramar Mota

Tun daga gida Baba Direba yake faɗa, har suka iso gareji bai huce ba. Ya fito daga motar ya buga ƙofa kamar ita ta yi masa laifi, ya zura makullin a aljihun gaba, ya ɗora tafin hannu a kai. Autarsa ta fito ta ɗaya ɓangaren riƙe da galan ɗin da ya jawo rigimar. Ganin galan ɗin a hannunta shi ya fi ƙona masa rai.

Motar tata ce, ƙarama mai shan fetur, amma makullin a hannunsa yake kwana. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana fita aiki da sassafe a motar asibiti, shi kuma ya kai jikokinsa makaranta ya ɗauko su. Tunda ya ajiye tuƙin tirela, wannan 'yar zirga-zirgar ita kaɗai ta rage masa. To kwanakin baya ya goge ƙofar gida da gefen motar, Auta ta ce idonsa ne, ya ce ƙofar ce ta karkace. A ranar ta faɗa masa, cikin ladabin nan nata mai ciwo, cewa in aka sake samun wani abu za ta karɓi makullin. Ga shi an samu.

Jiya ne ya ga lokacin juye ya yi. Mutum irinsa ba ya kai mota wurin kowa don canjin baƙin mai. Ya shiga shagon kayan mota, ya tarar da galan-galan ruwan ɗorawa jere a kan kanta, hannunsa ya tafi kai tsaye kan wanda ya sani. Bai tambayi mai shago ba. Ya tambaye shi me? Lokacin da ya fara sayen mai, uban mai shagon ma bai yi wayo ba. Ya dawo gida ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota, ya tsiyaye tsohon man, ya zuba sabo. Har ya murza shi tsakanin yatsu, ya ji kaurinsa, ya ji daɗi a ransa, don a wurinsa haka mai na gaske yake. Da safe motar ta tashi da nauyi, Auta ta ɗauki galan ɗin da ya bari a bakin ƙofa ta karanta: na injin dizal ne.

Bakaniken, wani ƙato da kowa ke kira Dogo, ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Ya rusuna ya gaishe da tsohon, ya karɓi galan ɗin ya jujjuya.

"Baba, ai wannan na manyan motoci ne."

"Na sani!" in ji Baba Direba. "Da gangan na zuba. Wancan ruwa-ruwan da kuke zuba wa motoci mai ne? Ko fitila ba zan zuba wa shi ba."

Dogo ya danne dariyarsa, ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwajin mai ya duba. "Ba wani abin tashin hankali, Hajiya. Zubi ɗaya ba ya kashe inji. Ya yi mata kauri ne kawai, in ya daɗe a ciki ne zai dame ta. Yanzu zan juye shi, in canja filta, shi ke nan."

"Kin ji ko?" Tsohon ya juyo kanta. "Kin ji da kunnenki? Kin kwaso ni kamar wanda ya yi sata, kin kawo ni gaban ɗan cikina a yi mini shari'a, ga shi an ce ba komai."

"Baba, ni ba man ne ya dame ni ba."

"To uban me ya dame ki?"

Dogo ya shige ƙarƙashin motar. Man ya fara zuba cikin kasko, sabo fil, ko duhu bai yi ba, abin da ya ƙara tunzura tsohon ke nan. Ya bi kamfanin mai da zagi, su da suka rasa launi a duniya sai su yi galan biyu iri ɗaya. Ya koma kan mai shago, da yake zaune yana latsa waya mutum na ɗaukar abin da ba shi ba. Bai lura ba cewa da bakinsa ya rushe maganar gangan ɗin da ya yi. Auta ta lura.

Ta miƙa masa galan ɗin. "Baba, karanta mini abin da aka rubuta a nan. Manyan baƙaƙen kawai."

Ya dubi galan ɗin. Ruwan ɗorawa ne, wannan ya gani. Akwai wani jan abu a tsakiya, da baƙin layi a ƙasansa da ya narke ya zama ɗaya. Zuciyarsa ta buga, fushi ya taso ya rufe tsoron. Ya kaɗe galan ɗin daga hannunta, ya gangara ya daki tarin tayoyi.

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Ni? Kafin a haife ki nake hawa dutse da kaya fal a baya, birki na hayaƙi, ban taɓa taka ko kaza ba. Da sitiyari na ciyar da ku, da shi kika yi karatun da yau kike auna mini ido da shi. Don kin sa fararen kaya a asibiti shi ke nan kin zama uwata?"

"Yarana kake ɗauka, Baba," ta ce. "Jikokinka. In galan ne yau, gobe fa?"

"Gobe ma ni zan kai su!"

Masu gyara a garejin duk sun yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa yana kasa kunne. Dogo ya fito, ya ɗaura sabuwar filta, ya zuba man da ya dace, ya rufe bonet a hankali kamar mai gudun tada barci. Tsohon bai jira an ce masa an gama ba. Ya faɗa mazaunin direba ya tada mota, ta tashi sumul. Ya ƙudurta a ransa zai fita da ita daga garejin nan da kansa, ya ratsa tsakanin ramin gyara da tarin ƙarafa ba tare da ya shafi komai ba, kowa ya gani. Ita kuma in ta ga dama ta shigo, in ba ta ga dama ba ta hau tasi.

Ya kuwa ratsa. Ya wuce ramin, ya kauce wa ƙarafan, hannunsa bai manta komai ba. Dogo na biye da shi a gefen taga. Saura ƙofar fita kawai, sai ga wata mata ta tsaya ƙiƙam a bakin ƙofar, tana ɗaga hannu tana wani kaɗa shi. Ya taka birki, ya danna hon ya ƙi saki. Duk abin da ya rage masa a ciki ya juye a kanta.

"Ke baiwar Allah, makauniya ce ke? Ba ki ga mota ba? Kauce mini! Mata sai su tsaya a hanya kamar gidan ubansu. Wane sakaran uba ne ya haife ki bai koya miki tsayuwa a titi ba?"

Matar ba ta motsa ba. Hannunta dai ya sauka.

Dogo ya sunkuyo ta taga, ya rage murya yadda ba wanda zai ji sai su biyu.

"Baba, Hajiya ce. Titi ta fita duba maka."

Tsohon ya cire hannu daga hon. Ya ƙura ido ta gilashin gaba, ya matse su, ya sake buɗewa. Tsakaninsa da ita bai fi tsawon tirelarsa ta da ba. Yana ganin tsayin mutum da launin mayafi, amma wurin da fuska take babu komai sai hazo. Autarsa ce, yarinyar da ya yi wa wanka da hannunsa, ya zage ta a gaban mutane bai san ita ba ce.

Ya kashe motar. Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari, sannan ya buɗe ƙofa ya fito, ya zagaya ta gaba yana dafa bonet, ya shiga ɗaya ɓangaren ya zauna. Makullin na nan a jikin motar inda ya bar shi.

Auta ta zo ta shiga, idanunta jajir. Ta gyara kujera, ta kai hannu za ta tada mota.

"Taka kuloci tukuna," ya ce da ƙarfi, fuskarsa na kallon taga. "Sai kin kashe mata giya? Kuma in mun je makarantar, ke za ki faɗa wa yaran na daina kai su. Ni ba zan iya ba."