Kwalba ta Goma Sha Huɗu

A sashen kimiyyar sinadarai ana cewa Dakta Dogara bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Masu shara sun ce ko ƙafarka ya taka, kai za ka ce masa sannu. Ɗalibai kuwa sun ce ya iya koyarwa, amma in ya kama ka da ƙirƙirar lamba, sai dai ka haɗa kayanka.

Shi ya kawo darasin aiki da hannu, inda ɗalibai ke ɗebo ruwan rijiyoyin gari su auna, su zuba lambobin a kwamfuta ta fitar da zane. Rukunin Judit aka tura unguwar Liman Abaji, ita kaɗai mace cikin maza biyar.

Ranar Alhamis Dakta ya haska zanen a allo. Ɗigo goma sha tara sun kwanta a ƙasa, alamar ruwa garau. Ɗaya ya tashi can sama shi kaɗai.

"Kwalba ta goma sha huɗu. Ta wa ce?"

Judit ta miƙe.

"Unguwa ɗaya, rijiyoyi maƙwabta, naki ne kawai ya fi kunu kauri? Ba ki auna ba, zama kika yi kika rubuta. Gobe sunanki na gaban kwamitin ladabtarwa."

"Na auna, Dakta. Sau uku."

"Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta san kwamitin nan, wanda ya shiga da irin wannan tuhuma ba ya komawa aji. Ta tuna gidan da ta ɗebo ruwan, da tsohuwar da ta ce mata, "'Yata, bari in ba ki na randa, wannan ba ya shayuwa." Ta tuna yadda ta ƙi, ta zura guga da hannunta.

Sai ta juya ga shugaban rukunin. "Mahfuz, ku da kuka je sauran gidajen, kun ga rijiyoyin da idonku?"

Mahfuz ya sosa ƙeya. "Haba Judit, ƙato kamata zai faɗa gidan matan aure? A zaure muka tsaya, muka aika da kwalaben ciki."

"Wa ya cika su?"

"Matan gida mana."

"Daga ina?"

Wani daga baya ya ce a hankali, "Wallahi babata ba za ta miƙa wa baƙo ruwa mai laka ba. Na randa za ta ba shi, wanda ta jefa wa alam ya kwanta."

Dakta Dogara ya nufi teburin kwalaben. Ya ɗauki kwalba ta uku ya ɗaga ta saitin taga, ya ajiye. Ya ɗauki ta tara, ya ɗiga mata wani sinadari, ya jira. Ya gwada wata, ya sake gwada wata.

Daga nan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Akwai alam a duk wadda na taɓa," ya ce. "Ashe rijiya ɗaya muka auna a Liman Abaji."

Ya dubi allon, ya dubi ƙasa, sannan ya dube ta.

"Judit, a gaban mutanen nan na ce kin yi ƙarya, to a gabansu zan faɗa. Na zalunce ki. Ki yi haƙuri."