Wa Ya Riƙe Shi

Ni ba mai karatu ba ne. Aji huɗu na yi ubana ya cire ni ya sa ni walda, kuma a kanta nake har yau. Na faɗi haka ne don a san irin idon da ya karanta takardar ƙanena.

Mai Kemis ne ya kawo mana wasan. Shagonsa na jikin nawa. Ranar da ba aiki, bayan an ci abincin rana, sai mu ja ƙofar shagona rabi, mu ɗora faifan ƙarfe a kan durom biyu, a zana gari da daji da alli. Kowa da jaruminsa. Na abokinmu Direba tsohon fulogin mota ne, na Mai Kemis kwalbar allura, na ƙanena wani ƙaton noti. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ne gari, shi ne maƙiya. Sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi. In sara ne ko tsalle, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Ya ba ka babba ka ci, ya ba ka ƙarami ka sha kashi.

Da farko Mai Kemis ke ja. Labarinsa duk gaishe-gaishe ne da neman wata tsohuwar taswira. Direba ya yi barci a zaune sau biyu, na biyun har da minshari. Sai aka ce ni in karɓa.

Mai Kemis ya ce, "Oga, ba daga kanka za ka ƙago komai ba. Kowa zai rubuto asalin jaruminsa, inda ya fito da abin da ya same shi. Kai kuma ka duba inda ya bar rami. Daga ramin za ka jawo labari."

Direba ya kawo tasa a bayan kwalin sigari. Jaruminsa ya kashe zaki da mari, mata bakwai na kuka a kansa. Na ce masa wannan ba rami, sai ƙarya. Mai Kemis ya kawo shafi uku, na karanta rabin ɗaya na ajiye.

Ƙanena, Bahago ake ce masa. Shekara takwas na ba shi. Kayan gyaran babur yake sayarwa a bakin titi. Ba haihuwarsa aka yi da hagu ba. Yatsu uku na hannun damansa a lanƙwashe suke kamar ƙugiya, ko cokali ba sa riƙewa. Ya miƙo min tasa takardar bai dube ni ba. Rubutun hagu ne, a kwance, ba ɗigo ba waƙafi:

"Dan makeri ne yana da shekara tara ya bar wuta ta cinye zugazugi ubansa ya dora hannunsa kan uwar makera ya sauke guduma sau uku bai iya gudu ba wa ya rike shi"

Na gane hannun. Na gane uban. Namu ba maƙeri ba ne, mai walda ne, kuma ba zugazugi ba ne, inji ne yaron ya bari a kunne har ya ƙone. Amma guduma guduma ce, ukun ma uku ne. A gidanmu ba a wannan maganar. Tsohon ya mutu da jimawa ba wanda ya tayar masa da ita. Ni dai na san ina wurin ranar. Shekara talatin da biyu ina gaya wa kaina a bakin ƙofa nake tsaye.

Na nuna wa Mai Kemis. Ya ɗora yatsa a ƙarshen layin.

"Ga raminka nan. Wa ya riƙe shi? Shi kansa jarumin bai sani ba. Wannan zai kai ka wata biyu."

Na ce to. Har daɗi na ji.

Makon farko na ba su mai zuga wuta. Na ce ya tsufa, ya koma bakin kogi yana gasa gawayi, kuma an ji shi yana cewa ya san abin da ya faru a maƙerar. Suka je. Mai Kemis ya ce jaruminsa zai yi sallama ya tambaye shi a hankali. Bahago bai jira ba.

"Na kama ƙeyarsa na tura fuskar cikin garwashi."

Ya jefa, goma sha takwas. Na ba shi yadda ya kamata. Na ce gemun ya kama da wuta, fatar kumatu ta manne da gawayi, tsohon na shure-shure yana cewa shi ne, shi ne ya riƙe, a yi masa rai.

Bahago ya ce, "Na sare kan." Sai ya ƙara da cewa, "Ba shi ba ne."

Na ce, "Ya amsa da bakinsa."

"Kai ma da fuskarka ce a wuta za ka amsa. Ba shi ba ne."

Direba ya ce, "To Allah ya jiƙan mai gawayi. Akwai wani abu a aljihunsa?"

Na tambayi Mai Kemis ko ɗan wasa na da ikon ya ƙi abin da mai ja ya faɗa. Ya ce asalin nasa ne, in ya ce ba shi ba ne, sai in nemo wani.

Na nemo. Mako na biyu na ba shi mahaucin da ke maƙwabtaka da maƙerar. Bahago ya rataye shi a ƙugiyar namansa, ya farke cikin tun daga ƙirji har mara. Ba shi ba ne. Mako na uku shugaban masu gadin gari, da mutum goma sha biyu a bayansa. Aka yi ta sara a kan gada har fulogin Direba ya rasa kunne ɗaya da rabin hanci. Bahago ya karya wa shugaban gwiwoyi, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da ƙotar takobi, yana faɗa min sunan kowane yatsa kafin ya jefa. Ba shi ba ne.

Direba ya ce, "Bahago, garin nan saura mutum nawa? Ka bar mana ko mai sayar da ruwa."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Na lura ƙanena ya daina kallon faifan. In yana faɗin abin da zai yi wa mutum, ni yake kallo. Na ɗauka jin daɗin labarin ne. Har na ce wa matata ashe ina da baiwa ban sani ba.

Mako na biyar na ce yau za a gama. Kwana uku ina haɗa mugun da hannuna. Na samu guntun bututu, na yi masa kafaɗu da kusoshi, na yi masa hannaye manya da ƙarfen rodi, na rufe fuskar da wani ɗan faranti mai ramin ido biyu. Ya kai tsawon tafin hannu, ga nauyi. Da na dire shi a kan faifan sai da allin ya yi tsalle.

Direba ya ce, "Wannan ai surukina ne."

Aka gwabza. Mai Fuskar Ƙarfe ya ɗaga jarumin Mai Kemis ya maka shi da bango, haƙarƙari huɗu suka tafi. Ya taka wa Direba ƙafa har ƙashi ya huda fata. Bahago ya sha sara a kafaɗa, jini na bin hannunsa har takobi na zamewa, ya koma ya ɗauki gudumar ubansa da hagu. Ya jefa, ashirin cif. Na ce gudumar ta sami gwiwa, ƙaton ya zo ƙasa, ƙasa ta girgiza.

Bahago ya ce, "Na cire farantin. Wa na gani?"

Na riga na shirya amsa. Na ce wani baƙo ne daga hayin teku, matsafi, wanda ya biya uban don a lalata hannun yaron, saboda an yi duba an ga hannun nan ne zai kashe shi.

Mai Kemis ya gyaɗa kai, abin ya burge shi. Bahago ya sa hannu a aljihun rigata, inda takardar take, ya zaro ta ya shimfiɗa a gabana.

"Karanta ƙarshen."

Na karanta. "Wa ya riƙe shi?"

"Ba haka na rubuta ba."

"Ga shi nan baƙi da fari."

"Ka ga alamar tambaya a wurin?"

"Kai da ba ka sa ko ɗigo ba?"

Ya ce, "To saurara." Ya karanta da kansa. Ya ja "wa" ɗin, ya ja "ya" ɗin, ya sauke murya a ƙarshe kamar mai ajiye kaya. Wa ya riƙe shi. Ba tambaya a ciki. Labari ne yake bayarwa.

Yanzu kowa Oga yake ce min, har matata in tana tsokana. Amma a gidan ubana ba a ce min Yaya. Shi tsohon, "Wa" yake kirana, don ni ne wan yaran duka, su ma suka ɗauka. Tun da aka binne shi ban sake jin sunan a bakin kowa ba. Ranar injin, abin da ya ce ke nan, da gudumar a hannunsa. Wa, riƙe min shi.

Na ce, "Ni a bakin ƙofa nake."

Ban ga lokacin da Bahago ya jefo min Mai Fuskar Ƙarfe ba. A kan girata ya sauka. Na ji ƙas, ido ɗaya ya rufe da jini. Kafin in miƙe Bahago ya ture faifan, durom ya kife, noti da fulogi suka watse. Na kai masa naushi a baki, na ji haƙori ya yanke ni. Ya sa min kai a ciki muka tafi har jikin tukunyar gas. Na fi shi ƙarfi, ko a yanzu. Na shaƙe shi, na juya shi, na murɗe hannunsa ta baya, na dafa gwiwa a gadon bayansa.

A nan na tsaya. Hannuna ya san wurin. Gwiwata ta san wurin. Ba wanda ya koya min wannan riƙon a ranar nan, na taɓa yin sa.

Bahago na ƙasa, bakinsa na zubar da jini a kan siminti. Ya ce, "Yawwa. Haka."

Na sake shi. Ya tashi, ya kama wuyan hannuna na dama ya buga a kan teburin aiki. Ya laluba da hagu ya ɗauko gudumar da nake daidaita ƙarfe da ita. Don ya ɗaga ta dole ya sake ni, hannun damansa ba ya riƙe komai. Ya danne ni da waɗannan yatsun nasa, waɗanda ko ɗan yaye zai fizge daga ƙarƙashinsu. Ban fizge ba.

Direba ya zagayo ta bayansa zai rungume shi.

Na ce, "Kada ka riƙe shi."

"Oga, zai nakasa ka."

"Na ce kada ka taɓa shi. In ka riƙe shi ni da kai ne."

Direba ya ja baya. Mai Kemis na bakin ƙofa, ya rasa ko ya fita ko ya shigo.

Bahago ya ce, "A bakin ƙofa kake?"

"A'a."

"Ina kake?"

"A bayanka. Ni na riƙe ka. Hannu biyu, da gwiwa. Ka cije ni a nan ban sake ba." Na ce, "Tsohon ya ce in na sake ka hannuna zai ɗora."

"Ban tambaye ka dalili ba."

Ya sauke. Sau ɗaya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Na durƙusa, na yi amai a kan takalmina. Da na ɗago ya ɗaga gudumar karo na biyu. Na mayar da hannun kan teburin. Ya dube shi, ya dube ni. Sai ya ajiye ta a hankali inda ya ɗauke ta, ya share bakinsa da gefen riga, ya sunkuya ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Mai Kemis ya ɗaure min da tsinken katako, ya kai ni asibiti a bayan babur. Aka yi min ɗinki biyar a gira. Da suka tambaya na ce ƙarfe ne ya faɗo. Matata ba ta yarda ba, ban kuma ƙara mata komai ba. Likita ya ce ƙaramin ba zai sake miƙewa ba.

Ranar hutu ta zagayo. Na ja ƙofa rabi, na ɗora faifan da hannu ɗaya da taimakon Direba, wanda ke ta cewa shi dai a bar shi ya zauna kusa da hanyar fita. Ban sa rai ba. Muna zana gadar sai ga Bahago, leɓensa a kumbure. Ya zauna a wurinsa. Ya laluba ƙarƙashin teburi ya samo notinsa, ya hure ƙurar.

Na dire Mai Fuskar Ƙarfe. Na riga na cire farantin da filaya, ba komai a ciki sai ramin bututu.

Na ce, "Ka cire farantin. Wan naka ne. Yana ƙasa, gwiwarsa a karye. Me za ka yi?"

Ya daɗe yana juya notin.

"Ya iya tafiya?"

"Sai an jefa."

Na ɗauki ɗan lidon da hagu na jefa. Ya tsallake faifan, ya gangara ƙarƙashin injin.

Bahago ya miƙa ƙafa ya jawo shi, ya sa min a tafin hannu.

"Ba da kafaɗa ake yi ba. Daga wuyan hannu. Sake jefawa, Wa."