Man da Ya Maƙale a Dutse

Inna Hasana ta ce Yaya Mukhtar ba zai koma aikinsa a Oman ba, kuma duk garinmu Durba an san in ta kafe, to, sai dai haƙuri. Hutunsa ya ƙare, kamfani na ta kira, shi kuwa ya ce ba zai hau jirgi ba sai da yardarta. Ni Ramlatu, autarsu, haushi kamar ya kashe ni. Ƙaton injiniyan man fetur guda ya zauna a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa!

Rannan Inna na matsar man gyaɗa, sana'arta tun muna yara, ya zo ya durƙusa gefenta.

"Wai me kake tsinana musu a can?" ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Kai ka ce rijiyoyin man sun tsufa. A bar su su huta mana."

"Inna, da sauran mai a ciki. Dutsen da ke riƙe da shi ne duk ya tsattsage. In muka tura ruwa ya koro man, sai ruwan ya bi tsaga ya wuce abinsa, man yana nan maƙale. Yanzu kumfa muke gwadawa, ta toshe tsagar, dole ruwan ya ratsa dutsen."

"Kamar yaya kuke bari a ciki?"

"Ya fi rabi."

Inna ta saki muciya. "Fiye da rabi? Ramlatu, kin ji almubazzarai!" Ta danƙo tunkuza ta matse a gaban hancinsa, ko ɗigo bai fito ba. "Ni wadda ta bar mini mai a tunkuza, ba ta sake taɓa turmina. Shi ne kana zaune kana cinye mini ƙuli, arziki na kwance a ƙasa? Tashi ka haɗa kayanka!"

Na rangaɗa guɗa. Yaya kuwa bai motsa ba, sai ya kama hannunta mai maiƙo ya riƙe gam. Nan take na ji kunyar guɗar tawa, tausayinta ya kama ni.

"Sake ni, za ka ɓata rigarka," in ji Inna. "Ka dai riƙa kira da safe. Tun da babanku ya rasu, shirun gidan nan ya yi mini yawa."